Yadda ni da Kawu muka je bikin littattafai a gidan Cliveden

Birtaniya ƙasa ce ta bukukuwan littattafai, duk garin da yake ji da kansa sai ka ga yana da nasa. Akwai manya irin na Cheltenham da tun 1949 ake yi, da na Hay can a Wales, waɗanda ake share kwana goma ko fiye ana abu ɗaya cikin tantuna mutane dubbai, sannan akwai ƙanana da ake yi a tsofaffin gidajen manya na karkara, a fara Asabar da safe a tashi Lahadi da yamma, shikenan sai baɗi in da rai. Na Cliveden yana cikin ƙananan, da kaka ake yinsa wajen ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, kuma 2017 aka fara, shekara ɗaya da KABAFEST, bikin littattafanmu na Kaduna. Shi na je, kuma tunda mutane sun ishe ni da tambaya wai ya ake shiga, ko sai an gayyace ka, ko sai kana da wani a ciki, bari in zauna in faɗa tun daga tushe.

Ba gayyata ake ba jama'a, tikiti ne, duk mai kati a hannu zai saya ta intanet. Sai dai fa wurin ba yawa, gida ne ba filin wasa ba, dan haka da an fitar da jerin sunayen masu magana watanni kafin ranar, zaman da yake da wani shahararre nan da nan zaka ga ya cika. Kuɗin kam ba na yara ba ne, musamman ga ɗalibi irina, kuma shawara ce kyauta, kar ka kuskura ka lissafa shi a naira, hawan jini zaka jawo wa kanka a banza. Ni karatu nake a Reading, to gidan, wanda yanzu otal ne, ba nisa, yana Buckinghamshire kusa da Taplow da Maidenhead, a kan tudu yana kallon kogin Thames. Kawuna kuma, ƙanin mahaifiyata, a Slough yake zaune shekara da shekaru, tasi yake ja, Slough da Cliveden kuwa tafiyar mintuna ce a mota.

Da na kira shi nace Kawu ga inda zan je, dariya yayi yace "kai Malam, gidan nan ai na san shi kamar yunwar cikina, baƙin da na ɗauko daga filin jirgin Heathrow na sauke a ƙofar otal ɗin nan Allah kaɗai ya san yawansu." Nace to kun taɓa shiga? Yace shiga ina, ai ka sauke jaka ka karɓi kuɗinka ka juya kan mota. Nace to wannan karon mu shiga tare. Nan fa aka fara ja, wai me zai je yayi cikin Turawa masu kuɗi, wai shi rabonsa da karanta littafin boko tun yana sakandare a Gusau, sannan babbar hujjarsa, kuma gaskiya hujja ce, Asabar ita ce ranar cinikin mai tasi, in ya ajiye mota ranar asara biyu kenan, ga na tikiti ga na aikin da bai yi ba. Anti ce ta raba gardamar, muna waya ina jiyo muryarta daga kicin tana cewa "Alhaji ka je mana, kullum daga mota sai masallaci, yaron nan ya roƙe ka." Ya yarda da Asabar kawai, da sharaɗin shi zai biya nasa, wai ina aka taɓa ɗan 'yar uwa ɗalibi ya biya wa kawunsa kuɗin shiga waje.

Abu ɗaya da nayi kafin ranar wanda ya amfane ni sosai, na ɗauki jerin masu maganar na je laburaren gari na nemi littattafansu. Katin laburare a nan kyauta ne, in littafin yana hannun wani ka sa sunanka a layi su turo maka saƙo in ya dawo. Ban karance su duka ba, wa yake da wannan lokacin, amma ko gabatarwa da babi biyu ka karanta zaman yana canja maka, kana jin inda marubucin yake maimaita abin da ya riga ya rubuta da inda mai tambaya ya matsa masa ya faɗi sabon abu. Bikin nan ya fi karkata ga tarihi da siyasa, kuma ba mamaki, cikin waɗanda suka kafa shi akwai masana tarihi Andrew Roberts da Simon Sebag Montefiore, da Catherine Ostler, da Natalie Livingstone wadda ita kanta ta rubuta littafi a kan matan da suka zauna a gidan. To in kai ɗan labaran soyayya ne zalla, ka duba jerin da kyau kafin ka zare kati.

Ranar Asabar na kwana Slough muka fita da wuri. Ni kaftani na sa da hula na ɗora rigar sanyi, Kawu kuwa ya ciro wata kwat da nake zargin tun ta ɗaurin auren wani ce a shekarun baya, Anti ta cika mana filas da shayi mai citta ta ƙulla mana dambun kaza da burodi. Ku sa takalmin da baku jin tausayinsa, wannan dai na faɗa, dan ciyawa da tsakuwa da laka zaku taka, su Turawan ma da yawa takalmin roba suka sa a ƙasan tufafi masu tsada.

Daga geti zuwa gidan tafiya ce, filin ya kai eka 376, daji ne da lambuna, kana cikin bishiyoyi sai kawai ka ɓullo gaban wani ƙaton kwanon farin dutse mai siffar ƙwanson kifi da gumaka a kai ruwa yana zuba, daga nan hanya ta miƙe sak har ƙofar gidan, ga hasumiyar agogo a gefe mai ruwan zinari tana walƙiya. Kawu yace min kar ta ruɗe ni tankin ruwa ne a ciki, na ɗauka wasa yake, ashe da gaske ne, 1861 aka gina ta dan ajiye ruwa aka manna mata agogo dan kwalliya. A nan na gane tarihin gidan kusan rabi yana kan Kawu, fasinjoji ne suka koya masa ba tare da sun sani ba. Yana fakin yana bani labari, hannunsa har ya saba zai juya sitiyari wajen da ake sauke baƙi, sai mai nuna hanya ya ɗaga masa hannu ya nuna masa inda masu bikin ke ajiye mota.

Gidan da ke tsaye yanzu shine na uku. Na farko wani Duke na Buckingham ne ya fara gina shi a 1666, mutumin da ya yi faɗan takobi da mijin farkarsa a 1668 mijin ya mutu daga raunin, kuma har yau akwai hoton takobi da wannan shekarar shimfiɗe da duwatsu a cikin ciyawa, abin kunya sun mai da shi ado. Gobara ta ci gidan a 1795, ta sake cin wanda aka maye da shi a 1849, sai Charles Barry, wanda ya zana ginin majalisar dokoki ta Landan, ya zana wannan na yanzu. A 1893 wani hamshaƙin Ba'amurke William Waldorf Astor ya saye shi, dukiyar gidansu daga fataucin fatu da filayen New York ta samo asali, daga baya ya ba ɗansa kyautar aure, matar ɗan kuwa ita ce Nancy Astor, mace ta farko da ta zauna a kujerar majalisar wakilai ta Birtaniya a 1919. Babban hotonta na fenti yana rataye a zauren shiga, ta waiwayo tana kallonka ta kafaɗa. A zamaninta ne gidan ya zama matattarar manya duk ƙarshen mako, su Churchill, su Bernard Shaw, su Charlie Chaplin, har Gandhi ya taka wajen, ana ci ana sha ana gulmar duniya, dan haka bikin littattafan na yanzu ba baƙon abu aka kawo wa gidan ba, abin da ya saba ne aka sa masa tikiti. Da na gaya wa Kawu matar bata shan giya kuma ita ta kawo dokar 1923 da ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 giya, ya tsaya ya sake kallon hoton yace "Allah sarki, ashe mutuniyar kirki ce." Nace Kawu ku dai bi a hankali, an san ta da ƙin Yahudawa da 'yan Katolika, kuma a shekarun 1930 an zargi taron gidanta da neman a lallaɓa Hitler. Yace to, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.

A 1942 Astor suka miƙa gidan ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin gidaje da filaye, shi yasa lambunan a buɗe suke ga duk wanda ya biya kuɗin shiga, ginin kansa kuma otal ne tun tsakiyar shekarun 1980, a nan Meghan ta kwana daren jajibirin aurenta da Yarima Harry a 2018. Amma labarin da Kawu ya fi so, wanda yace duk Ba'amurken da ya ɗauko sai ya tambaye shi, shine na wurin ninƙaya. A Yulin 1961 ministan yaƙi John Profumo ya haɗu da wata yarinya 'yar shekara 19, Christine Keeler, a bakin ruwan nan, ashe ita kuma tana hulɗa da wani jami'in sojan ruwa na ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Ministan ya tashi a majalisa ya ƙaryata, gaskiya ta fito, yayi murabus a Yunin 1963, gwamnatin Firayim Minista Macmillan bata sake miƙewa ba. Ruwan yana nan har yau a bayan katanga, na baƙin otal ne.

To yanzu shi zaman kansa. Ka nuna tikitinka a waya, a duba, ka shiga ka nemi kujera, wanda ya riga zuwa shi ke gaba. Kujeru biyu ko uku ko huɗu a kan ɗan dandamali, ruwa a kofi, makirfo a maƙale a kwalar riga. Ƙarfen da aka rubuta a takarda shi ake farawa, wata ta fito cikin minti biyu ta faɗi sunayensu ta roƙi a kashe waya ta sauka. Babu babban baƙo na musamman, babu uban taro, babu uwar taro, babu mai sharhin littafi da zai karanta shafi ashirin, babu jiran mai girma wane da yake kan hanya. Kawu ya raɗa min "to wa zai ƙaddamar?" nace ba ƙaddamarwa ake ba hira ce. Wajen awa ɗaya ake yi, mai tambaya yana jan marubucin da zance, wani lokacin su yi musu sosai har fuska ta canja amma ba a ɗaga murya, sannan a bar minti goma ko sha biyar na ƙarshe ga jama'a.

Kar in cika yabon nasu, namu salon ma yana da hikimarsa. A ƙaddamarwar gida in Allah ya taimaki marubuci babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya da kuɗin da zai biya maɗaba'a har ya rage, in dai alƙawarin bai tsaya a makirfo ba. A nan kuwa kowa kwafi ɗaya zai saya a farashin da ke bayan bango, marubucin ɗan kaso ne nasa a ciki, shi yasa zaka ga dattijo mai sunan duniya yana yawo daga biki zuwa biki duk kaka yana maimaita barkwanci ɗaya. Amma dai a nan mutanen da ke zaune karanta littafin zasu yi, wannan kam ba a musu, kana ganin wasu da kwafinsu ya sha lanƙwasa da zanen fensir.

Zaman da ya kawo ni shine wanda aka yi a kan daular Birtaniya da yadda ake rubuta tarihinta yanzu. An yi Indiya an yi Indiya, an taɓa Kenya kaɗan, Afirka ta Yamma ko sunanta ba a ji ba. Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu, kuma ga dabara, ka ɗaga da wuri tun kafin mai makirfo ta gama juyowa, kuma ka zauna bakin layi inda zata iya iso ka, hular ma ina jin ta taimaka. Kafin ni wani dattijo ya karɓa yace shi ba tambaya zai yi ba tsokaci ne, ya kwashe minti uku yana bada tarihin aikinsa, Kawu ya dafa ni yace ashe suma suna da irinsu. Ni dai na gajarta. Nace a 1903 sojojin Lugard sun ci Kano a Fabrairu, Sakkwato a Maris, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli, kuma mutanen da aka ci da yaƙin nan suna da rubutu, wasiƙu da waƙoƙi da Larabci da ajami, to masu rubuta tarihin daula a nan suna karanta su kuwa, ko dai rahoton wanda yayi nasara kawai ake juyawa? Ɗaya daga cikin marubutan da ke kan dandamali ya amsa ba kwana-kwana, cewa yawanci takardun ofishin mulkin mallaka ake dogara da su saboda su ke kusa kuma da Turanci suke, kuma wannan giɓi ne na gaske. Bai yi ƙoƙarin nuna ya san abin da bai sani ba, hakan ya burge ni fiye da duk abin da ya faɗa a awa ɗayan.

Ana tashi kowa ya nufi teburin littattafai. Akwai kanti na wucin gadi da ake kafawa, sabon littafi mai kwalin bango a Ingila yanzu fam 20 zuwa 30 ne, ka biya ka shiga layin sa hannu. Kana cikin layi wata zata bi da ƙaramar takarda mai gam ta tambayi sunan da za a rubuta ta manna a shafin farko, dan kar marubuci ya tsaya tambayar harafi, da sunaye irin namu kuwa wannan takarda rahama ce. Rabonka da marubucin bai fi daƙiƙa talatin ba, na bayanka suna jira, dan haka ka shirya maganarka tun kana layi.

Sai dai namu ya wuce daƙiƙa talatin, kuma ba ni na jawo ba. Mutumin ya gane ni, yana sa hannu yana cewa in je ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew, ya ciro takardar gam ɗin ya rubuta min CO 446 a bayanta, wato jerin wasiƙun Arewacin Najeriya na ofishin mulkin mallaka. Kawu da ke tsaye a bayana riƙe da filas, wanda tun safe bai yi wa Bature magana ba in ba sannu ba, sai kawai naji yace da Turancinsa na tasi, ai kakansa yana cikin waɗanda suka bi Attahiru gabas, yana yaro a lokacin, ya dawo bayan Burmi amma yayyensa biyu suka wuce, kuma zuriyarsu suna Mai Wurno a Sudan a bakin kogin Nilu har gobe, har an taɓa haɗuwa da wasu a Makka. Wallahi ni ɗan 'yar uwarsa ban taɓa jin wannan labarin ba, Mama bata taɓa faɗa min ba. Marubucin ya ajiye biro ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya yana tambayar me kakan ya ce sun ci a hanya, da ƙafa ne ko da jakuna, wa ya yanke shawarar wa zai koma. Kawu yana amsawa tiryan-tiryan, layi ya tsaya cak, kuma abin mamaki ba wanda yayi tsaki, matar da ke bayanmu ma matsowa tayi tana saurare. Sai da mai kula da layin ta zo ta tsaya kusa tana murmushin nan nasu na a taimaka a gama.

Wannan ne abin da ƙaramin biki a gida yake da shi wanda babban tanti bai da shi. Hirar dandamali kam zaka iya jin irinta a YouTube kana kwance, amma a nan ba wata ƙofar baya da marubuci zai sulale, inda kake shan shayi nan yake sha, matakalar da kake bi ita yake bi, bayan awa ɗaya zaka gan shi zaune a layi na uku yana sauraren wani shima da hannu a sama. Mun sake haɗuwa da mutumin a baranda da rana, shi ya fara ɗago wa Kawu hannu.

Abinci akwai a wajen, na otal da kuma shagon shayi na lambu, amma mu dambunmu muka buɗe a kan benci muna kallon lambun nan mai zane-zane da ke shimfiɗe ƙasan baranda har ya gangara wajen kogi. Dogon shingen dutsen da ke wajen Astor ne ya sayo shi daga Villa Borghese a Rum a 1896 aka kwaso shi a jirgi, kuma a 2004 aka gano wasu ƙananan dodon koɗi 'yan asalin Italiya suna zaune a cikin ramukansa, ashe tare aka zo da kakanninsu sun shekara ɗari ba wanda ya lura. Kawu yace waɗannan sun fi kowa iya zaman Ingila, ba biza ba hayaniya. Muna nan wata tsohuwa mai sanda ta tsaya ta ƙura wa hulata ido tace "sannu da aiki", da wata Hausa da ta kwana biyu a ajiye, wai babanta yayi aikin reluwe a Zariya kafin a ba da mulki, tana tuna harmatan da mangwaro da mai dafa musu abinci. Kawu ya miƙa mata dambu a murfin roba, ta ci ta yi tari saboda yaji ta ƙara ɗiba.

Sallah kuma ba wahala in ka shirya. Azahar a wannan lokacin wajen ƙarfe ɗaya take shiga, muka ɗauki gorar ruwa muka gangara cikin bishiyoyi inda ba mutane, muka yi alwala, waya ta nuna alƙibla, muka shimfiɗa rigunan sanyi Kawu ya ja. Muna raka'a ta biyu sai ga wani kare mai dogon kunne ya zo yana shinshinar takalmanmu, dan cikin dajin ana yawo da karnuka, mai shi ta biyo shi a guje tana raɗa masa suna tana bada haƙuri ƙasa-ƙasa bata san ko ta matso ko ta tsaya ba. Da muka sallame na kalli rigata, Kawu yace "bar ta Malam, mu Malikawa ne, kare mai rai ba najasa ba ne a wajenmu." Daga nan na so mu sauka kogi, matakala 172 ce, Kawu ya leƙa yace gwiwarsa ta gaishe da kogin. Muka bi ta wani ɗan fili mai gangare da ciyawa inda a 1740 aka fara rera waƙar nan tasu ta Rule, Britannia a gaban Yariman Wales na lokacin da yake haya a gidan. Mun fito daga zaman da ake ta muhawara a kan daula, ga mu tsaye inda aka fara yi mata kirari, ba komai a wajen sai ciyawa da wasu yara biyu suna birgima.

Lahadi ni kaɗai na koma, ta jirgin layin Elizabeth zuwa Taplow sannan tasi daga tasha, dan tafiyar ƙafa daga nan da ɗan nisa kuma hawa ne. Ruwa aka wuni ana yi, kowa da lema, zauren yana warin jiƙaƙƙen ulu da kofi. Da babu Kawu sai na fi lura da jama'ar, yawanci masu furfura ne, farare, masu hali, baƙar fata ka ƙirga mu da yatsu mu gaisa da ido daga nesa. Ba wanda ya yi min kallon banza, kowa da fara'arsa, kuɗin tikiti da nisan waje da kwarjinin ginin ne suke tace mutane tun kafin a iso geti, kuma haka bukukuwan littattafan ƙasar nan da yawa suke, su kansu suna maganar. Zaman marubuta ƙagaggun labarai na shiga, aka yi ta zancen sau nawa ake sake rubuta babi kafin edita ya yarda, da yadda littafi ke shekara biyu tsakanin gama shi da fitowarsa, na tuna 'yan uwanmu mata da ke sakin babi kullum da daddare a WhatsApp masu karatu suna biya ta tiransifa suna zagin jarumin kafin gari ya waye, ban san wanda ya fi wani sanin masu karatunsa ba amma ina da zato. Na yamma a kan Rasha da Yukren ne, ya cika maƙil har da masu tsayuwa a bango, na fita kafin a gama tambayoyi dan in samu jirgi.

Kew kuwa na je daga baya. Shiga kyauta ne, ka yi rajistar katin mai karatu da shaida biyu, ɗaya mai sunanka ɗaya mai adireshinka, ka ajiye jaka da biro a loka dan fensir kawai ake shiga da shi, ka nemi kundin ta kwamfuta ka jira a kawo maka shi a akwatin da ke da lambar kujerarka. Na 1903 manyan kundaye ne masu nauyi, rahotannin Lugard da na hafsoshinsa, ga rubutun hannun ma'aikatan Landan a gaba kowa yana sa ra'ayinsa da harufan sunansa, ana barinka ka ɗauki hoto da waya ba filasha. Sunayen garuruwanmu duk an rubuta su a karkace sai ka furta da ƙarfi kafin ka gane inda ake nufi. Na tura wa Kawu hotunan shafukan da suka ambaci Burmi, ya kira ni yana kan layin tasi a tasha yace in zo Juma'a bayan an sauko masallaci da wayar da ke da caji sosai, zai faɗi abin da ya riƙe daga bakin kakansa in ɗauka, kuma in kira Mama ta bidiyo dan akwai sunayen da ita ta fi shi riƙewa.